Mai Janwe da Mai Littafi

Na Allah muke, kuma gare Shi ake mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. An mayar da mahaifina wata Talata da hantsi, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba, aka sallace shi bayan azahar a ƙofar gidansa da ke Dutse. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwanci.

Ni ne ɗansa na fari, don haka ni aka zaunar a tsakiyar tabarmar karɓar gaisuwa. Abin da na gani daga nan shi zan fara rubutawa, domin aikina ke nan: shekara da shekaru ina ajiye takardu a ofishin gwamnati, ban saba ganin abu in bar shi ba a rubuce ba.

Abokan aikina sun zo cikin manyan riguna, suka yi addu'a, suka koma ofis. Sai direbobi da makanikai suka fara kwararowa, na tashar Dutse, na Miga, har da waɗanda suka taso daga Garki. Kowanne zai miƙo mini hannu ya ce, "Malam, ya haƙuri?" Kafin in gama amsawa ya wuce can ƙarshen tabarma, inda taubashina yake zaune, wato ɗan gwaggona, ƙanwar marigayi. A can suke durƙusawa. A can suke kuka. Wani tsohon direba ya dafa kafaɗarsa ya ce da ƙarfi, "Kai ka yi rashin uba, ɗan nan." Ina zaune, ina ji. Kafin magariba mutum goma sha ɗaya suka faɗi irin wannan magana. Na ƙirga.

Wata tsohuwa daga Miga ta tsaya a zaure ta ƙi shiga wurin mata sai da ta sanar da kowa cewa Mai Janwe, wato marigayi, shi ne ya fito da motar da ta kafe da 'yarta tana naƙuda, ya kuma ƙi karɓar ko ƙwayar goro. Wani makanike ya share ido da hularsa ya ce, "To yanzu wa zai ƙara ciza mana inji?" Aka yi dariya cikin hawaye, aka dubi taubashina. Ba wanda ya dube ni.

Duk wannan zama, akwai wani littafi mai baƙin bango a cikin jakata. A shafin ƙarshe da na yi rubutu a kai akwai wasiyyar da marigayi ya faɗa na rubuta, cewa janwensa, motar da ya yi suna da ita, ta taubashina ce bayan ransa. Ba wanda ya san da shafin nan sai ni da wanda muka binne. Taubashina ba magaji ba ne. In na yi shiru, ba shi da ko noti a cikin motar. Na yi shiru ranar. Na yi shiru ran sadakar uku, na yi shiru ran bakwai.

Domin a gane yadda mai riƙon amanar takardun jama'a ya kai ga wannan hali, sai na faɗi wane ne marigayi.

Bai taɓa kiran sunana ba. Na san al'ada: uba yana kunyar ɗan fari, ba ya ambatarsa, ba ya yabonsa a gaban mutane. Gwaggo ta sha yi mini wannan bayani. Amma sanin dalilin yunwa ba ya ƙosar da mai jin ta. Da ina makaranta "wancan" nake. Da na fara aiki sai na zama "mai littafi". Taubashina kuwa, wanda watanni ne kawai tsakaninmu, da sunansa ake kiransa, a zage shi, a jefe shi da tsumma, a tura masa sauran kwanon abinci. Shekarar da aka kai ni makarantar kwana aka kai shi gareji. Mutane suka ce ni aka gatanta. Na daɗe ina shakkar wannan lissafi.

Da aka ƙirƙiro jiha, Dutse ta zama babban birni dare ɗaya, motoci suka cika garin da bai shirya musu hanya ba. Daga ka sauka daga kwalta sai yashi da rani, sai taɓo da damina. Marigayi ya dubi wannan hali, ya ɗauki tsohuwar akori-kurarsa, ya yanke bodin baya, ya kafa mata ƙarfe mai ƙugiya da sarƙa, ta zama janwe. Tun daga nan sunansa ya ɓace, sai Mai Janwe.

Injin da motar ta zo da shi na fetur ne mai fulogi huɗu. Marigayi yakan ce da shi ɗan gida: ba shi da tsada wajen gyara, kowane lungu akwai kayansa, amma da ya ji nauyi a bayansa sai lagireto ya fara tafasa, a tsaya a ba shi ruwa kamar jaki. Tun daga lokacin neman injin da zai gaje shi ya zama hirar garejin. Kowane direba da irin wanda yake so. Marigayi yana jinsu yana goge hannu, in sun gama ya ce, "Ba a tambayar inji a tsaye. Ku ɗaura masa kaya, shi zai faɗa da bakinsa."

Yana da wasu ƙa'idoji da ba ya saɓawa. Ba ya sa wa mota injin da ya fi nata ƙarfi sai ya fara gyara birki. "Wanda zai ja," in ji shi, "ya fara koyon tsayawa." Kuma ba ya taɓa injin da aka goge wa lamba. Na ga ranar da wani mai kuɗi ya kawo irinsa a bayan mota, kamar sabo fil, yana cewa ɗan Kwatano ne. Marigayi ya shafa wurin lambar da babban yatsa, ya ji santsi, ya ce, "Alhaji, wannan ba shi da uba. Ɗauke shi daga inuwata." Mutumin ya yi ta faɗa, ya ce zai kai wani gareji. "Kai shi. Ni hannu biyu gare ni, kuma duka ina so." Lokacin ko maganar ƙaddamar da shari'a ba a fara ba. Da aka zo aka ƙaddamar, wasu masu gareji suka shiga binne tsofaffin injuna a bayan gida, shi ko tabarmarsa bai gyara ba.

Daga wannan ƙa'ida littafina ya samo asali. Wata Asabar ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mai littafi, rubuta mana lambar wannan." Shi ne abu na farko da ya taɓa nema a wurina. Na sayi littafi mai baƙin bango, na sa wa kowane shafi lamba da hannuna. Lamba kawai aka ce in rubuta, amma ni na ƙara: daga wace mota injin ya fito, wace mota aka sa wa, me ya ja, a wace hanya, sau nawa aka tsaya ba shi ruwa, galan nawa ya sha. Duk Asabar ina garejin da farar riga, ina tambaya ina rubutawa. Na yi zaton wata rana zai ce in karanta masa. Bai taɓa cewa ba.

Ba ya buƙata, domin yana da sandarsa. Ƙarar injuna ta cinye masa kunne tun yana da sauran ƙarfi, sai ya samo sandar ƙirya tsawon kamu guda. Yakan ɗora kanta ɗaya a jikin inji yana aiki, ya ciji ɗaya kan da haƙoransa, ya rufe ido. Ta ƙashin kansa yake ji. Zai matsa da ita nan, ya matsa can, sannan ya cire ya tofar da yawu ya ce, "Fulogi na uku ne ke ɗingishi." A buɗe, a tarar haka ne. Ba ya barin kowa ya taɓa sandar nan, sai mutum ɗaya. Na sha tsayawa da littafina ina kallonsu: ya cire ta daga bakinsa, ya goge a gefen riga, ya miƙa wa taubashina, ya ce, "Ji." Su haɗa ido su yi murmushi a kan abin da su kaɗai suka ji. Ni sai in tambaya, "Me zan rubuta?" Taubashina ya ce, "Akawu, rubuta cewa Kawu ya ci inji bai ƙoshi ba."

"Rufe mini baki, bawa."

"Na rufe, ubangidana. Allah Ya ƙara wa biro tawada."

Wasan taubasai ne, kowa ya sani ɗan mace bawa ne a wurin ɗan namiji. Amma shi wasa yake yi, ni ba kullum ba.

Na yanke shawarar in shiga garejin nan ta ƙofar da na iya. Aka yi gwanjon wasu motocin ofis da suka yi haɗari, a bainar jama'a, bisa ƙa'ida. Na faɗi haka ne don masu tsegumi. A ciki akwai wata babbar motar manya da ta daki bishiya ta baya, injinta na fetur mai fulogi shida bai ji komai ba. Na duba takardar masu ƙera shi, na kwatanta da na mai fulogi huɗu, na ga ƙarfinsa ya kusa ninkawa. Na saya, na sa aka kai gareji, na ce, "Baba, ga magajin ɗan gida."

Aka tayar da shi a ƙasa. Marigayi ya ciji sandarsa ya daɗe. Da ya cire sai ya ce, "Lafiyarsa ƙalau." Sai ya ƙara da cewa, "Ɗan birni ne."

A lokacin taubashina ya riga ya ajiye nasa a gefen rumfa: wani baƙin injin gas mai huɗu, da aka ciro daga wata bas da ta kife, duk jikinsa maiƙo. Na buɗe takarduna na nuna cewa a rubuce nawa ya fi nasa nesa ba kusa ba. Taubashina ya ce ƙarfin nawa a sama yake, sai an taka totur har ƙasa yake fitowa, nasa kuwa tun daga tashi yake da shi. Na ce wannan zancen tasha ne. Ya ce, "Akawu, a takarda za mu ja motar ko a taɓo?" Murya ta tashi. Na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta, na ce ƙasar nan ba za ta ci gaba ba muddin masu cizon itace ne ke yanke hukunci a kan abin da masana suka auna. Na manta sandar a hannun wa take.

Marigayi ya juya ga taubashina. Ya ce, "A sa na mai littafi."

Mako uku suka yi suna aikin. Injin ya fi ramin tsawo, sai da aka tura lagireto gaba. Aka yanke ƙarafan da inji ke zama a kai aka sake walda. Aka ƙera faranti na musamman don bakin injin ya haɗu da na giyabos. Aka ƙara wa gaba sifirin saboda nauyi, aka gyara birki kafin komai. Kuma gaskiya, a kan kwalta injin nan ya yi abin da na ce. Ya ja motar wani ma'aikaci daga hanyar Kiyawa zuwa Dutse kamar ba ta bayansa. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Fetur kam yana sha kamar rairayi, a shekarun da ake kwana a layin gidan mai, amma na rubuta wannan da ƙananan baƙaƙe.

Sai damina ta yi tsakiya. Wata ranar kasuwa aka aiko cewa bas ɗin 'yan kasuwa ta kafe a wata fadama kusa da Miga. Na ce zan bi su. Muka isa da rana tsaka, fasinjoji sun yi cirko-cirko a tudu, mutanen ƙauye sun fito kallo. Aka ɗaura sarƙa, taubashina ya shiga, ya saki kuloci a hankali, injin ya mutu. Ya sake, ya sake mutuwa. Na ce, "Ka ba shi wuta mana!" Ya dubi kawunsa, kawunsa ya ɗaga kai. Ya taka totur. Injin ya yi ruri har 'yan kallo suka ja da baya, tayoyin baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna feshin laka, suna haƙa wa kansu rami. Can sai ƙaurin kuloci ya tashi, lagireto ya yi tsartuwa. Bas ba ta motsa ba, janwe ta nutse har ciki.

Wani dattijo manomi ya matso ya ce, "Mai Janwe, in kawo nawa injin?" Ya koma ya dawo da shanun huɗa, nasa da na maƙwabcinsa. Aka ɗaura musu igiya. Ba ruri, ba hayaƙi. Suka sunkuyar da kai, suka dasa ƙafa, janwe ta fito. Aka sauke kayan bas, suka fito da ita ita ma. Yara suka yi ta ihu. Taubashina ya zo kusa da ni, laka har gira, ya ce, "Ubangidana, a wane shafi za a sa shanun?"

Marigayi yana tsaye yana shafa tozon ɗaya daga cikinsu. Abin da ya faɗa ba da ni yake ba, da san yake. Ya ce, "Doki na sukuwa ne. Ja kuwa naku ne."

Na koma gida na buɗe littafi. Na daɗe da biro a hannu. Sannan na rubuta abin da ya faru yadda ya faru: injin mai fulogi shida ya kasa, kuloci ya ƙone, shanu huɗu ne suka fito da mu, uku farare, ɗaya ja.

Aka sauke nawa, aka sa baƙin injin gas. Ba zan ɓoye aibinsa ba don ya yi nasara. Yana da nawa, keke ma yakan wuce shi a kwalta. Yana da hayaƙi. Da sanyin safiya sai an yi da gaske yake tashi, kuma sai da aka saya masa babban batir. In famfonsa ya lalace sai an kai Kano. Amma kafin daminar ta fita, a fadamar nan dai, ya fito da akori-kura maƙare da buhunan taki, a giya ta ɗaya, ba tare da an ji muryarsa ta tashi ba. Ina wurin. Na rubuta. Shi ne a cikin janwe har ranar da marigayi ya bar duniya, kuma da shi aka ja duk motocin da masu makoki suka zo suna lissafawa. Nawa injin ban sake tambayar inda aka kai shi ba. Na ɗauka an sayar wa 'yan gwangwan.

Tun daga ranar na ƙulla a raina cewa da gangan ya yi. Ya san injin ba zai ja ba tun da ya cije shi, amma ya ɓata mako uku don ya kai ni gaban 'yan ƙauye ya nuna mini iyakar bokona. Shekaru na yi da wannan ƙulli. Ban daina zuwa Asabar ba, ban daina rubutu ba, amma ban sake kawo shawara ba.

Watanni kaɗan kafin rasuwarsa, wata Asabar da safe, na tarar da shi shi kaɗai a benci ƙarƙashin darbejiya. Taubashina ya tafi Garki da janwe. Ya ce, "Ka zo da littafin?" Na ce a raina yau ce ranar, yau zai ce in karanta. Na zauna kusa da shi, kusancin da ban taɓa yi ba.

"Buɗe sabon shafi," ya ce. "Rubuta. Janwe, da injin da ke cikinta, da sarƙoƙinta, da sandar nan, na ɗan ƙanwata ne bayan raina."

Na rubuta. Na ce, "Baba, wasiyya tana son shaidu. A kira liman."

"Ga ka."

"Ni magaji ne. Rabona ne zai ragu."

"Na sani." Ya juya sandar a hannunsa. "An ce ranar da shanu suka ja mu, har launinsu ka rubuta."

"Haka ne."

"To wanda ya rubuta wannan ba zai ci shafi ba." Ya dangwala yatsa a baƙin mai ya ɗora a ƙasan rubutun, ya tashi ya shiga rumfa.

Wani zai ce yabo ne. Ni ban ji shi a yabo ba. Abin da na gani shi ne an yi rabo: wancan an ba shi mota da sanda, ni an ba ni ɗaukar kayan zuwa ƙofarsa.

Ga abin da na yi a kwana arba'in na makoki, kuma ina rubuta shi ne don kada wani ya rubuta mini tarihin da ya fi ni kyau. Ƙannena suna maganar a sayar da janwe a raba. Ni kuwa na fara tunanin in ce a sa ta a rabona, in ajiye ta a ƙofar gidana, ni da ko motar ofis direba ke ja mini. Ba don in ja komai da ita ba. Don dai direbobin nan su riƙa wucewa suna ganin inda ta kwana. Sau biyu na ɗauko reza na ɗora a gindin shafin. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ba ne kaɗai, da ma in ce shi ne. Lambobin shafin ne. Da hannuna na jera su, in na yanke za a yi tsalle daga wannan lamba zuwa waccan. Ba wanda zai taɓa lura a duniyar nan sai ni, kuma ni kullum sai na lura. Tsohon nan ya san injin da ya ɗaura wa kayan.

Bayan arba'in aka kira malamin unguwa don rabon gado. Muka zauna a zaure da hantsi, mahaifiyarmu da ƙannena mata suna daga ciki, inda za su ji. Ana cikin ambaton gida da gonar Miga da filin gareji sai muka ji ƙarar baƙin injin a waje. Taubashina ya yi sallama ya shigo. Ya wanke motar tas, abin da ban taɓa ganin an yi mata ba. Ya durƙusa ya ajiye makulli da sandar ƙirya a kan tabarma, a gabana. Ya ce, "Ga amanar Kawu." Bai ce Akawu ba, bai ce ubangidana ba. Ya miƙe zai fita, domin ba wurin zamansa ba ne. Na dubi bayansa, na ga mutum mai furfura da 'ya'ya shida, wanda bai san wata sana'a ba sai ja da motar nan, zai koma gida a ƙafa bai tambayi kowa komai ba.

Na ce, "Bawa, zauna."

Na ciro littafin na karanta shafin. Na nuna wa malam yatsan baƙin mai. Malam ya ce, "Akwai wani shaida?" Na ce babu. Ya ce motar ba ta kai sulusin dukiya ba, kuma wanda aka yi wa wasiyyar ba magaji ba ne, ta nan babu matsala. Amma shaida ɗaya ce, saboda haka sai sauran magada sun amince. Ƙanina mai bi mini ya ce, "Yaya, kwana arba'in kana riƙe da wannan? Muna ta neman mai saye kana jinmu?"

"E."

"Saboda me?"

Na nemi kalmar ofis da zan sa a wurin, ban samu ba. Na ce, "Kishi."

Sai muryar mahaifiyarmu ta fito daga ciki. Ta ce, "In a baƙin littafin nan yake, to haka ya faɗa." Ƙannena suka amince ɗaya bayan ɗaya. Na tura makulli da sanda zuwa gaban taubashina. Ya kife fuska a gwiwa. Ban lallashe shi ba. Masu lallashinsa sun yi yawa.

Da la'asar ya zo ya ce in raka shi gareji. Ya kai ni can ƙuryar rumfa, bayan tarin tayoyi, ya yaye wani tamfol. Injin mai fulogi shida ne, zaune a kan katako, ba tsatsa ko ɗigo.

"Wannan ba ya cikin shafinka," ya ce. "Naku ne. Duk Juma'a kafin masallaci sai Kawu ya sa na juya shi da hannu, shi kuma ya ɗiga masa baƙin mai. 'Yan gwangwan sun zo sun fi sau nawa, yana korarsu."

"Me ya sa ya ɗora shi a janwe, alhali ya san ba zai ja ba?"

"Na tambaye shi. Ya ce, yaron nan bai taɓa kawo mini komai ba sai wannan, ka ce in bar shi a ƙasa?" Ya yi dariya yana share hanci. "Mako uku, Akawu. Saboda kai na ƙone hannu da walda."

Na so in ji daɗi, kuma na ji, ba zan musa ba. Amma a take wani abu ya biyo baya: shekara nawa ina zuwa Asabar, ashe Juma'a ake yi. Ko wannan ma a bakin taubashina na ji.

Ya jona batir, ya zuba fetur daga kwalba, injin ya yi tari sau biyu ya kama. Ya goge sandar a gefen riga ya miƙo mini. "Aro ne," ya ce. "Ji."

Kan sandar duk shatin haƙora ne. Na ɗora nawa a inda na marigayi suka lotsa, na kafa ɗaya kan a jikin inji, na rufe ido yadda na ga ana yi. Kaina ya ɗauki rawa, haƙorana suka yi tsami. Na matsa nan, na matsa can. Na daɗe.

"Me ka ji?"

"Ƙara."

"Ƙara kawai? Ai Kawu cewa yake wannan injin…"

"Kada ka gaya mini."

Na mayar masa da sandarsa. Na zauna a bencin ƙarƙashin darbejiya, na buɗe shafin da ke bin na wasiyya, na rubuta: an tayar da mai fulogi shida, ya tashi a bugu na uku, an ba mai littafi sanda, ya ciza, bai ji komai ba.

Ya Allah, ga bawanKa Mai Janwe ya zo, wanda ya fitar da bayinKa daga taɓo bai tambayi ko su wane ne ba. Ka sauƙaƙa masa hawan da ke gabansa, Ka gafarta masa, Ka sa Aljanna ce masaukinsa. Ka yi wa wanda ya gaji sandarsa albarka. Na roƙa masa, kuma Ka san da wane irin ƙoƙari na roƙa. Ni kuma Ka cire mini abin da ya rage a ƙirji. Amin.